Tafiyar Tasa Ce, Mu 'Yan Rakiya Ne: Bayani Ga Iyalan Da Ke Da Matashi Ko Babba Mai Ƙwaƙwalwa Ta Daban



Duk iyalin da ya zauna gaban teburin rajista an yi masa tambaya guda: a cikinku akwai mai buƙata ta musamman? Aikina shi ne juya wannan tambaya zuwa Hausa, don haka na san amsar da aka fi bayarwa. Ana ambaton tsohuwa mai ciwon ƙafa, ana ambaton mai juna biyu, ana ambaton mai ciwon suga da maganinsa ya ƙare. Wanda ba a cika ambata ba shi ne saurayin nan ɗan shekara 19 da ke tsaye bayan mahaifiyarsa, ya toshe kunnuwa da hannu, ba ya kallon idon kowa. Haka ma budurwar da aka bari a tanti wai ba ta iya shiga mutane ba. In ma an ambace su, a gabansu ake maganarsu kamar ba sa wurin.

Wannan bayani saboda su ne, da ku da kuke ɗawainiya da su. Jami'ar kariya da nake yi wa tafinta ta nemi a rubuta shi da Hausa, domin yawancin takardun da ake rabawa da Larabci suke, kuma iyayenmu da yawa da suka fito daga Mayo, Ingaz da unguwannin Umdurman magana ta fi zauna musu in da Hausa aka yi ta. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.

Su wa ake nufi

A gida muna da sunaye da yawa, akasarinsu marasa daɗin ji: dolo, gaula, mai taurin kai, wanda iska ta taɓa. Masu tausasa harshe su ce bawan Allah ne. Likitoci kuwa sun raba abin kashi-kashi. Akwai wanda asibitocin Khartum ke kira tawahhud, gidajen rediyon Hausa kuma suna cewa galahanga. Mai shi yana shan wahalar gane nufin mutane in ba a fito fili an faɗa masa ba, yana son komai ya tafi yadda ya saba, kuma ƙara ko haske ko wari da bai dami kowa ba shi yana iya yi masa zafi kamar ana soka masa allura. Wani yana magana sosai, har ya haddace abin da ya gagari sa'o'insa. Wani ba ya magana sam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 haka yake. Ku dubi yawan tantunan layinku ku yi lissafi da kanku.

Akwai fartul haraka, wato wanda hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, ya fara aiki ya bari, ya manta saƙon da aka aike shi, ya yi abu kafin ya yi tunani. Akwai mai basira lafiya lau amma haruffa na rikice masa, ya yi shekaru yana shan bulala a makarantar allo kan laifin da ba nasa ba. Akwai kuma masu jinkirin fahimta, ciki har da masu larurar Down.

A ƙarshen shekarun 1990 wasu masu irin wannan hali da iyalansu, cikinsu har da wata 'yar Ostareliya mai suna Judy Singer, suka fara yaɗa wata fahimta: ƙwaƙwalwar 'yan Adam ba iri ɗaya aka halicce ta ba, kamar yadda tsawo da launin fata ba ɗaya ba ne. Wannan ba ya nufin babu wahala. Uwar da ta yi shekara 20 tana yi wa ɗanta wanka ba ta buƙatar a gaya mata akwai wahala. Abin da ake nufi shi ne a daina jiran ranar da zai warke ya zama kamar kowa, a fara tambayar yadda zai rayu da kyau a yadda yake.

Abubuwa uku nake so ku cire daga zuciya. Wannan ba hauka ba ne. Ba laifin uwa ba ne, ba wani abin da ta ci ko ta gani lokacin da take da ciki ba ne. Kuma ba allurar rigakafi ke kawo shi ba. Wannan jita-jita ta samo asali daga wani rahoto da aka buga a Ingila a 1998, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010, aka kuma soke sunan likitan da ya jagorance shi daga rajistar likitoci. A wuri mai cunkoso irin namu, ƙyanda na kashe yara. In masu rigakafi sun zo, ku fito da yaranku.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata ku riƙe. Halin da muke magana a kai tun yarinta yake farawa. In ɗanku yana lafiya, yana hira, yana zuwa makaranta, sai bayan da aka yi ta harbi a unguwa ya daina magana ko ya fara fitsarin kwance, wannan firgici ne na abin da ya gani, kuma taimakonsa daban ne. Ku faɗa wa ma'aikacin lafiya yaushe abin ya fara. Wasu kuma duka biyun ne suka haɗu musu.

Abin da aka baro a Khartum

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, kowa ya rasa wani abu. Amma mai irin wannan ƙwaƙwalwa ya rasa abin da ba a gani da ido, wato tsarin yininsa. Ku tuna yadda yake a gida. Ya san ƙarar ƙofar gidanku. Ya san mai shagon da ke ba shi burodi ba tare da ya ce uffan ba. Wani kullum da la'asar yana wurin kawunsa mai agashe, shi ke jera tsinke, kuma ba wanda ya kai shi iya jerawa. Wata ita ke wanke kofuna a wurin innarta mai sayar da shayi a bakin titi. Wani duk Juma'a sai an kai shi Hamad al-Nil ya ji ganga. Ba wanda ya kira wannan magani, amma shi ne ya riƙe su shekara da shekaru. Unguwa ta san su, su ma sun san unguwa.

Iyalan da suka samu hali sun je asibitin Tijani al-Mahi a Umdurman ko na Taha Ba'ashar a Bahri, wasu sun samu shawara daga ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Ahfad. Yaƙi ya raba mu da waɗannan wurare. Waɗanda suka tsaya a Madani kuma suka sake tashi a Disamba 2023, abin da yaro ya fara sabawa da shi ya sake rushewa.

Yanzu ku dubi sansani da idonsa. Tanti ba shi da bangon da zai tare ƙara. Janareta na ruri, lasifika na kira, yara na kuka, layin ruwa ana ture juna, banɗaki na jama'a ne kuma warinsa daban. Abinci ba irin wanda ya saba ba ne, kuma mai tawahhud yana iya kwana da yunwa a kan ya ci abin da laushinsa ko warinsa bai yi masa ba. Saboda haka in ya fara ihu, ko cizon hannunsa, ko buga kai, ko guduwa, ba rashin kunya ba ne. Abin ne ya cika masa har ya zube. A lokacin nan magana ba ta shiga. Ku rage surutu, ku sallami masu kallo, ku kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a danne shi sai in rai na cikin haɗari. Zai sauko. Bayan ya sauko ne ake tambayar abin da ya jawo.

Mene ne rakiya

A Amurka da Turai akwai masu sana'ar zama da matashi ko babba irin wannan, su taimaka masa ya tsara rayuwarsa: neman aiki, riƙe kuɗi, hulɗa da mutane. Ba likitoci ba ne, ba sa ba da magani. Tushen hanyar da nagartattunsu ke bi ya fito daga wani masanin halayyar ɗan Adam, Ba'amurke, Carl Rogers, wanda a shekarun 1940 da 1950 ya koyar da cewa mai neman taimako shi ya fi kowa sanin inda ke masa ciwo, aikin mai taimako shi ne ya saurara da gaske, ba ya yanke masa hukunci ba. Daga baya, a shekarun 1980, masu aiki da naƙasassu a Amurka da Kanada suka mai da wannan hanyar tsara rayuwa. Mu dai mun riga mun san cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da na nemi sunan da zan ba wannan aiki da Hausa, rakiya ce ta fi dacewa. In an ce wane ɗan rakiya ne, ana nufin tafiyar ba tasa ba ce. To, haka ake so. Tafiyar ta matashin ce. Mai rakiya yana gefensa, yana nuna masa rami, yana riƙe masa kaya in sun yi nauyi, amma ba shi ke zaɓar garin da za a je ba.

A nan ba mu da masu wannan sana'a, kuma ba na so wani ya karanta wannan ya zo ofis yana neman a ba shi ɗaya. Amma hanyar ba ta buƙatar kuɗi. Kawu zai iya, gwaggo za ta iya, maƙwabci mai haƙuri ko ɗan sa-kai na unguwa zai iya. A ganina ya fi kyau kada ya zama uwar. Ba don ba ta iya ba, sai don ta gaji, kuma tsoron da take ji masa yana sa ta yi masa abin da zai iya yi da kansa. Wan da ke da saurin hannu shi ma a bar shi daga ciki. A nemi wanda matashin da kansa yake sakin jiki da shi, kuma mace ta raka mace.

Aikin farko tambaya ce, kuma iri biyu ce. Akwai abin da yake da muhimmanci a wurinsa, akwai abin da yake da muhimmanci domin lafiyarsa. Mu iyaye na biyun kawai muka iya: ya sha magani, ya yi wanka, kada ya fita da dare. Duka gaskiya ne. Amma in rayuwar mutum ta zama dokoki zalla, ko wane ne zai yi tawaye. Na farkon shi ne ake mantawa: yana son zama kusa da masu gyaran waya, tana son ta yi wa yara kitso, yana son hularsa ɗaya tilo ko da ta yage, tana son a bar ta ita kaɗai bayan sallar azahar. Mai rakiya yana neman hanyar da biyun za su zauna tare. In yana ƙin wanka saboda hayaniyar wurin wankan jama'a, matsalar ba wankan ba ce, lokacin ne. A gwada da asuba kafin mutane su taru.

Wanda ba ya magana fa? Shi ma ana tambayarsa. A ɗaga masa riguna biyu ya nuna ɗaya. A kai shi wurare biyu a ga inda jikinsa ya saki. A lura da abin da yake komawa gare shi in an bar shi. Mai magana kuma a yi masa tambaya gajeriya, guda ɗaya, a yi shiru a jira. Ku ƙirga zuwa goma a zuci kafin ku maimaita. Yawancinmu ba ma kai uku muke amsa masa da kanmu. Kuma ku guji tambayar da amsarta ke cikinta, irin su "ai kana son zuwa, ko?", domin da yawansu sun koyi cewa "e" ce ke sa a ƙyale su.

Daga nan a zaɓi buri ɗaya. Ɗaya, ba biyar ba, kuma nasa. A ce saurayi ya nuna yana so ya riƙa zuwa sayen burodi da kansa kamar yadda yake yi a gida. Mai rakiya ba zai miƙa masa kuɗi ya ce je ka ba. Kwanakin farko su tafi tare, hanya ɗaya, lokaci ɗaya, mai rakiya ya saya shi yana kallo. Sai ya zama shi ke miƙa kuɗin. Sai mai rakiya ya tsaya nesa kaɗan. Sai ya tsaya a bakin layi. A sanar da mai burodin tun farko, a ba da kuɗi daidai don kada canji ya rikita shi. Wannan zai iya ɗaukar sati biyu, zai iya ɗaukar wata uku. In rana ta ɓaci, a koma matakin baya ba tare da faɗa ba. Ku kuma tuna an fitar da sabuwar takardar fam 1,000 a ƙarshen 2024. Wanda ya saba gane kuɗi da launi sai an sake nuna masa. Mai amfani da Bankak a waya a koya masa doka ɗaya da ba ta canzawa: lambar sirri ba a gaya wa kowa, ko da wanda ya ce shi ma'aikaci ne.

Zai yi kuskure. Zai ɓatar da kuɗi wata rana, zai bi layin da ba shi ba. Mu ma mun yi, ba wanda ya kulle mu a ɗaki saboda haka. Iyaka ita ce haɗarin da ba a dawowa daga gare shi. Wannan a tare shi. Sauran a bar shi ya koya.

Game da tsarin yini, muna da agogon da yaƙi bai fasa ba: salloli biyar. A samo kwali, a zana da gawayi ko biro: bayan asuba wanka, da hantsi ɗibar ruwa, bayan azahar hutu, bayan la'asar wurin aikinsa, bayan magariba abinci. Zane ya fi rubutu, ko da zanen bai yi kyau ba. A rataye inda zai gani. In gobe akwai abin da zai canza, kamar ranar rabon abinci, a gaya masa tun yau, a nuna masa a kwalin. Mai fartul haraka shi ma wannan kwali yana yi masa amfani, sai dai a gajarta masa aiki, a ba shi wanda ake motsi a cikinsa. Tura baro ya fi masa zaman gadin kaya. Masu dafa abincin takiyya da kwamitocin ruwa kullum suna neman hannu, kuma mutumin da ke son jera abu daidai, ko ƙirga jarkoki ba ya gajiya, yana da wurin da zai tsaya a can. Sai dai a tabbata aiki ne da ya zaɓa, kuma in ana biyan wasu shi ma a biya shi.

Malamai da addu'a

Ba wanda zai ce ku bar addu'a. Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan, wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 1970, an san shi da girmama malamai da neman a yi aiki tare da su, kuma Taha Ba'ashar da ya biyo bayansa ya haɗa hannu da shehunan Um Dubban. Hanyar da suka bari ke nan: malami da likita kowa ya yi nasa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne duka, ɗauri da sarƙa ko igiya, hana abinci, da hayaƙin da ke shaƙe mutum. Waɗannan ba sa fitar da komai sai amincin da ke tsakaninku da shi. Na san akwai uwar da ke ɗaure ƙafar ɗanta ba don mugunta ba, sai don ta samu ta je layin ruwa ba tare da ya ɓata ba. Ki zo ki faɗa mana, Inna. Ba don a kama ki ba, don a nemi wanda zai zauna da shi ko wata hanyar karɓar ruwan.

Farfaɗiya takan haɗu da tawahhud ko jinkirin fahimta. Ba ta yaɗuwa ta yawu ko taɓawa. In ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, in ta wuce minti 5 a garzaya asibiti. Mai shan maganinta kada ya tsayar farat ɗaya. Ku je asibitin sansani tun kafin ya ƙare, da kwalin ko takardar likita in kuna da ita.

Inda haɗari yake

Wannan shi ne sashen da ya fi damun ofishinmu. Wanda yake yarda da duk abin da aka gaya masa, ko ba ya iya ba da labarin abin da aka yi masa, shi mugu ke nema. Samari ana aika su da kayan da ba su san ko mene ne ba, ana ruɗarsu da alkawarin kuɗi ko bindiga. 'Yan mata, har da samarin, ana cin zarafinsu, sau da yawa kuma wanda aka sani ne. Kulle su a tanti ba ya kare su, domin mutumin da ba wanda ya san shi a waje ba wanda zai lura in wani abu ya same shi. Abin da ke kariya shi ne a koya musu da kalmomi bayyanannu, ba da habaici ba: wane sashe na jiki ne ba wanda zai taɓa, cewa suna da ikon cewa a'a ko ga babba, da sunayen mutum biyu ko uku da za su gaya wa. Kunya ba ta da wuri a wannan darasi. In hali ya canza kwatsam, ta fara tsoron wani mutum ko wani wuri, ku ɗauke shi a matsayin magana. In an yi fyaɗe, a kai asibiti cikin awa 72, saboda maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki a cikin wannan lokaci yake aiki.

Sai maganar aure. Wasu iyaye na ganin aurar da irin wannan yarinya shi ne samo mata mai kula da ita. Dokar yara ta Sudan ta 2010 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Wadda ta wuce haka kuma tana da haƙƙin aure kamar kowa, in ta fahimci mene ne shi kuma ita take so. In ba ta fahimta ba, an miƙa ta ne ga wanda ba za ta iya kai ƙararsa ba.

Duk wanda kan iya ɓacewa a ɗinka masa ƙyalle a cikin riga da sunansa, sunan mai kula da shi da lambar tanti. Wanda kuka rabu da shi a hanya, ku kai sunansa ga masu haɗa iyalai na Red Cross da Hilal Ahmar, ku kuma gaya musu in ba ya iya faɗin sunansa, domin hakan yana canza yadda za su neme shi.

Idan kun zo ofis

Ku zo da shi. Ku bari a fara tambayarsa, ko da amsar za ta yi jinkiri. Ni abin da ya faɗa zan juya, yadda ya faɗa, sannan in juya naku. In layi da hayaniya ne matsala, ku gaya wa mai tsaron ƙofa ko ɗan sa-kai a nema muku wuri mai shiru. Masu rajista a wurare da yawa suna yin tambayoyi shida: wahalar gani, ji, tafiya, tunawa ko mai da hankali, kula da kai kamar wanka da sa tufafi, da fahimtar magana ko fahimtar da wasu. Kowace tana da amsa huɗu, daga babu wahala zuwa ba ya iyawa sam. Ukun ƙarshe su ne suka fi shafarku. Ku faɗi gaskiya, kada ku rage don kunya, kada ku ƙara don tsammani. Ba a buƙatar takardar likita kafin a saurare ku.

Zai taimaka ƙwarai in kun zo da takarda ɗaya da kuka rubuta tare da shi: abin da yake so a kira shi, abin da ya iya, abin da ke tayar masa da hankali, abin da ke kwantar da shi, da yadda yake nuna e da a'a. Ma'aikata na canzawa, takardar ba ta canzawa, kuma za ta yi muku amfani a asibiti da duk inda kuka koma.

Wannan ba alfarma ba ce. Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2009, ta kuma yi dokarta ta naƙasassu a 2017. Sashe na 11 na yarjejeniyar ya wajabta kare su a lokacin yaƙi da bala'i, sashe na 12 kuma ya ce suna da ikon yanke shawara kan rayuwarsu, a ba su taimako su yanke, ba a yanke musu ba. Amma in gaya muku gaskiya: shigar da sunansa ba ya nufin za a ƙara muku abinci, kuma ba hanyar fita waje ba ce. Abin da yake yi shi ne a san da shi in ana tsara layi, wurin kwana, makaranta ko koyon sana'a. Duk taimako kyauta ne. Wanda ya nemi kuɗi ko wani abu a madadinsa, ko ma'aikaci ne, ku kawo ƙararsa. Abin da aka faɗa a teburin kariya ba ya fita.

Masu shirin komawa gida

Tun Maris 2025 iyalai da yawa sun fara komawa Khartum da Umdurman, kuma na san ana wannan shawara a tantuna da dare. Komawa ko zama shawararku ce. Roƙona shi ne a sa shi a ciki. Shi gidan da ya sani yake jira, da ƙofarsa da shagon burodinsa, kuma mai yiwuwa ba haka zai tarar ba. Gadar Shambat ta karye tun Nuwamba 2023, hanyoyi sun canza, maƙwabta wasu ba su dawo ba. In wani ya riga ku zuwa, ya turo hoton gidan yadda yake yanzu a nuna masa tun a nan, a gaya masa kwana nawa za a yi a mota da inda za a tsaya.

Akwai kuma harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a cikin gidaje da kango da filaye. Da yawa daga cikin waɗannan matasa suna son tsintar ƙarfe da tara abubuwa masu ƙyalli. Wannan darasi a fara shi yanzu, a maimaita kullum da kalmomi iri ɗaya: abin da ba ka sani ba a ƙasa, kada ka taɓa, ka ja baya, ka kira wane. In masu wayar da kai kan nakiyoyi sun zo sansani, ku kai shi ya ga hotunan da idonsa, ku roƙe su su yi masa bayani shi kaɗai bayan taro ya watse. Kafin ku tashi kuma ku biyo ta teburin kariya da asibiti, a duba maganinsa ko zai kai ku, a sabunta takardarsa.